Tambaya da Amsa: Tayar rage shan mai ta yi ƙululu a gefe, laifin waye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne ina zaune a Zariya, ina da 'yar Corolla, kusan kullum ina kan hanya tsakanin Zariya da Kaduna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake neman duk wata dabara ta rage kuɗin da nake zubarwa a gidan mai, sai wani abokina ya ce in sayi irin tayoyin nan da ake cewa suna rage shan mai, na kuwa daure na sayi guda huɗu sababbi fil. Wata biyar kacal da sa su na faɗa wani rami da daddare, washegari na ga gefen tayar gaba ta dama ya yi ƙululu kamar ƙwai. Mai faci ya ce zai sa mata faci ta ciki ya zura mata tub a mayar da ita baya. Shin dama irin tayoyin nan ba su da ƙwari ne? Kuma in yarda da maganar mai facin? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya mayar da alheri. Bari in fara da tambayar ta biyu don ita ce ta shafi rai. Don Allah kada ka yarda, cire tayar nan yau ka sa safaya, ko da kuwa zanenta yana nan sabo kar kamar ba a taɓa hawa ba.

Ga dalili. Taya ba roba ce zalla ba, a cikinta akwai zaruruwa da aka jera tun daga wannan baki zuwa wancan, su ne ke riƙe iska su kuma ɗauki nauyin mota. Wajen da ke taka ƙasa an ƙara masa ɗamarar wayoyin ƙarfe, shi ya sa ƙusa ke shiga a cire a yi faci a ci gaba da tafiya. Amma gefe ba shi da wannan ɗamarar, zaren ne kawai da roba 'yar siririya a kai, da gangan aka yi shi haka don ya riƙa lanƙwasuwa yana shanye girgizar hanya. To lokacin da ka faɗa ramin nan, bakin rami da bakin wili sun matse gefen tayar a tsakaninsu kamar almakashi, zaren ya tsinke ta ciki, sai iska ta samu hanya ta turo robar waje. Ƙululun da kake gani ke nan. Faci yana toshe ɓula ne, ba ya ɗinke zaren da ya tsinke, tub ma haka, zai riƙe maka iska amma wajen da ya mutu ya riga ya mutu, kuma duk juyin da tayar ta yi sai wurin ya lanƙwashe ya miƙe ya ƙara zafi, wata rana kana gudun 110 da tsakar rana kwalta ta ɗau zafi sai dai ka ji ƙara. Mayar da ita baya kuma ba mafita ba ce, fashewar tayar baya takan jefar da bayan mota gefe guda, sau da yawa ta fi ta gaba wahalar riƙewa. Facin da masu ƙera taya suka yarda da shi shi ne na tsakiyar wajen taka ƙasa, ɓular ma kada faɗinta ya wuce milimita 6. Kafaɗar taya da gefenta ba a yi musu faci.

Ban ce mai facinka mugu ba ne, yana ganin halin da ake ciki ne yana so ya rage maka asara, amma a nan tausayin zai iya zama cuta.

Sai tambayar farko, wadda ta fi buƙatar a zauna a kanta. Mene ne ma tayar rage shan mai? Duk taya in tana juyawa ƙasanta yana lotsawa yana dawowa, wannan lotsawar tana cin ƙarfin inji ta mayar da shi zafi, a ƙaramar mota kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da kake sha a nan yake tafiya. A 1992 kamfanin Michelin ya fito da tayar da aka haɗa robarta da silika, wani sinadari mai asali ɗaya da yashi, a madadin wani ɓangare na baƙin garin kabon da aka saba sawa, sai robar ta rage ɗaukar zafi kuma ba ta rasa riƙon hanya in an yi ruwa ba. Daga nan kowa ya bi, shi ne kake ganin Michelin Energy, Bridgestone Ecopia, Continental EcoContact da sauransu. A Tarayyar Turai tun 2012 doka ce a liƙa wa sabuwar taya takarda mai nuna matsayinta a shan mai, a 2021 aka mayar da matakan daga A zuwa E, in ka ga irin takardar a jikin taya a Ƙofar Ruwa ko Panteka abin da take nufi ke nan.

Banda haɗin roba, wata hanyar da kamfanoni ke bi ita ce rage wa tayar nauyi, wasu sukan zo da zanen da bai kai na saura zurfi ba, wasu robar gefensu ba ta kai kauri ba. Saboda haka zarginka ba a banza yake ba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, taya mara nauyi da aka ƙera da titunan Jamus da Japan a zuciya ba za ta jure dukan rami kamar mai kaurin gefe ba. Amma in faɗa maka tsakani da Allah, na ga tayoyi iri-iri da ƙululu, masu tsada da masu araha, masu rage mai da waɗanda ba ruwansu da mai, kuma abin da ya fi haɗa su abu biyu ne, ƙarancin iska da gajartar gefe. Tayar da iskarta ta yi ƙasa da an daki rami nan take take naɗewa har wili ya ciji gefen. Kai da kanka ka tambayi kanka yaushe rabonka da sa geji kafin daren nan, taya lafiyayya ma tana rage kamar psi ɗaya, wato lamba ɗaya a ma'aunin iskar taya, a wata ba tare da ta yi faci ba.

Gajartar gefe kuwa tana rubuce a jikin tayar. In ka ga 195/65 R15, 195 ɗin faɗi ne a milimita, 65 kuma tsawon gefe ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, kusan milimita 127 ke nan tsakanin wili da ƙasa. Wanda ya sa wili mai inci 17 da taya 215/45 don motarsa ta yi kyau, nasa bai fi milimita 97 ba, ka ga santimita uku cur na kariya ya tafi. Wannan gayun na samari da ake yi na sa manyan wili da taya kamar zobe yana damuna sosai a hanyoyinmu, don na san abin da yake jawowa.

To wai ma nawa tayar ke rage maka? Kada a ruɗe ka, ba rabin tanki ba ne, 'yan kashi kaɗan ne cikin ɗari. A ce ma ta rage maka kashi 3, in kana shan lita 200 a wata kamar mai irin zirga-zirgarka, lita 6 ka tsira da su. Kuɗi ne kam a wannan marra, a shekara ya zama lita 72, amma taya ɗaya in ta mutu a wata biyar ta cinye ribar ta haɗa da uwar kuɗi. Ra'ayina shi ne mai yawo a cikin gari ko kan hanya mai kyau ya sayi abarsa ba matsala, wanda kuma hanyarsa ramuka ne da burji da lodi, ya fara duba ƙwari kafin ya duba mai. Ka duba lambar da ke bayan girman taya, misali 91H, 91 na nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 615, H kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Kada ka taɓa sauka ƙasa da lambar da kamfanin motarka ya rubuta, in ka samu mai XL a jiki, wadda aka ƙara wa ƙarfin ɗaukar kaya, ta fi dacewa da mu. Sauran ukun naka in lafiyarsu ƙalau ka ci gaba da amfani da su, ka sayi irinta sak guda ɗaya tunda wata biyar ba su ci sosai ba, sannan a duba maka wilin ko ya lanƙwashe a kuma yi alaimen, don ramin da ya tsinka zare ba ya barin ƙafar mota haka nan.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ni kuma wajen fakin a bakin makarantar yara na goga taya da simintin kwalbati, robar gefe ta ɗan ɓantare kamar girman farce amma ba ta sace ba. Maigida ya ce ba komai, ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, kin kyauta da kika tambaya. A wanke wurin da ruwa a ɗaga ɓantaren a leƙa da tocila. In roba ce baƙa kawai a ƙasa, ba a ga zare ba, ba kumburi, to maganar maigida tana kan hanya, fatar sama ce ta tafi, sai dai a riƙa duba wurin duk mako na ɗan lokaci don wani kumburin ba ya fitowa ranar da aka yi dukan. In kuwa an hango zare fari-fari ko yankan ya yi zurfi, a canza ta, ruwa zai riƙa shiga yana cin zaren ko da bai tsinke ba. Wani abu da ke tsorata mutane a banza shi ne ɗan lotsawa ciki da ake gani a gefen wasu tayoyin daga sama zuwa ƙasa, wannan mahaɗar zare ce tun daga masana'anta, ba cuta ba ce. Wanda ya turo waje shi ne abin gudu.

TAMBAYA: Oga ni direban haya ne, Sharon nake ja daga Katsina zuwa Kano. Sabuwar taya ta fi ƙarfina, 'yar Kwatano nake saye, kwanan nan na samu masu rubutun Eco a jiki, wato irin na rage shan mai, da sauƙi. Za su yi min?

AMSA: Direba sannu da hanya, na san halin da kuke ciki, tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007 Dunlop ma ya bi bayansa a Legas, taya ta zama kayan shigowa, duk motsin dala a kanku yake ƙarewa. Amma kai kana ɗaukar rayukan mutane ga kaya har saman but, a zafin Afrilu, wannan shi ne aiki mafi wuya da za a ba taya, kuma mafi yawan masu rubutun Eco ɗin nan da ke zuwa a gwanjo an cire su ne daga ƙananan motoci, lambar ɗaukar nauyinsu ba ta kai ta Sharon ba. Girma ya yi daidai ba shi ne ƙarfi ya yi daidai ba, duba lambar nan da na yi wa ɗan'uwa na Zariya bayani ka gwada da ta jikin ƙofar motarka.

Sannan ka duba shekarunta. A gefe akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana faɗakarwa cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga lokacin da aka ƙera ta, Michelin kuma cewa ya yi daga shekara biyar a riƙa kai wa gwani yana dubawa duk shekara, in ta kai goma a jefar ko da zanen yana nan. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ka lanƙwasa gefen da hannu, in ka ga 'yan tsage-tsage kamar faso a dunduniya ka bar musu kayansu. Ka kuma sa a juya maka cikinta ka shafa, tayar da aka taɓa tafiya da ita a sace za ka ga cikin ya yi baƙin gari ko ya tattare zagaye, gefenta ya riga ya ƙone ko da waje yana sheƙi. Wadda ke da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki kuwa ta hunturun Turai ce, an yi robarta don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7, a kwaltar Katsina narkewa take kamar man shanu, irinta sun cika kasuwar gwanjo don can ana cire su da yawa. Da ni ne kai, gara in haɗa kuɗi in sayi sababbi biyu masu matsakaicin farashi da cikakkiyar lamba, bayan wata biyu in ƙaro biyu.

TAMBAYA: An ce in aka cika wa taya iska sosai kamar 45 ko 50 mota ba ta shan mai, gaskiya ne? Daga Maraɗi.

AMSA: Ɗan abin da za ka rage bai taka kara ya karya ba, garin neman gira za a rasa ido. Tsakiyar tayar zai cinye da wuri, birki ya rage kamawa, motar ta riƙa tsalle, taya mai tauri kamar dutse kuma ita ma rami yana fasa ta. Lambar da ka gani a jikin taya da aka rubuta max, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Abin da ake bi yana kan 'yar takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 ne zuwa 35, akwai kuma wata lambar daban ta lokacin da aka yi lodi. Ka auna da safe kafin ka yi nisa, in ka sha tafiya ka ga geji ya hau kada ka sace, zafi ne, da ta huce za ta dawo. Ka kuma sayi ɗan gejinka na aljihu ka ajiye a mota, don na wasu masu facin ya sha faɗuwa ƙasa, biyu a layi ɗaya sai su ba ka lamba daban-daban.