Amsa ga ƙanenmu na Daura kan Quick Drop da ya ƙi aiki a LabVIEW

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce in ka danna Ctrl da Space a LabVIEW, manhajar da ake haɗa shirin kwamfuta a cikinta ta hanyar jan wayoyi tsakanin akwatuna, Quick Drop (tagar da ake rubuta sunan abu a ɗauko shi) ba ta fitowa, kuma gajerun sunayen da ka saita don ɗauko While Loop (akwatin maimaita aiki) da sauransu sun ɓace tun da ka sa sabon zubi. Na sha fama da duka biyun a ɗakin gwajin da nake aiki nan Katsina, bari in faɗa maka abin da na gani.

Fara da gwaji guda kafin ka taɓa komai. Hau kan menu na View ka zaɓi Quick Drop da linzami. Idan tagar ta buɗe, LabVIEW lafiyarsa ƙalau, wani ne ke tare maɓallan a hanya kafin su iso gare shi. Ni abin da ya same ni ke nan. Na sayi laftof ta hannu, ashe mai ita na farko ya sa mata tsarin rubutun Sinanci, kuma a Windows Ctrl da Space ne ke kunna wannan tsarin da kashe shi. Kwana uku ina zagin LabVIEW, har na cire shi na sake sawa, na ƙone data a banza. Da na shiga saitin harsuna na goge Sinancin, nan take ya dawo. Duba can, ka kuma duba ƙananan manhajojin da ke zaune kusa da agogo, har da wadda ka sa don rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ka rufe su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. In ka rasa ɓarawon, kada ka wahalar da kanka: Tools, Options, Menu Shortcuts, ka ba Quick Drop wasu maɓallan.

Wani lokacin ma ba lalacewa ba ce, nauyi ne. Dannawar farko bayan an kunna LabVIEW sai ya tattaro duk kayan da ke cikin akwatunansa, a tsohuwar kwamfuta sai ka ɗauka ta sandare. A cikin Options ɗin akwai wurin da za ka ce ya loda su tun lokacin tashi.

Batun gajerun sunayenka kuwa, ba su ɓace ba. Suna cikin fayil ɗin LabVIEW.ini, kuma kowane zubi da nasa, har mai 32-bit da mai 64-bit ba su haɗa ba. Buɗe tsohon da Notepad, nemi layin da ya fara da QuickDropDiagramShortcuts da ɗan'uwansa QuickDropPanelShortcuts, ka kwafe su zuwa sabon. Amma ka rufe LabVIEW tukuna, in ba haka ba yana iya rubuta nasa a kan naka lokacin fita. Ka lura layukan biyu ne: na shafin da ake jan wayoyi daban, na fuskar gaba (shafin da mai amfani da shirin ke gani) daban. Na ga ɗalibi yana rantsuwa sunansa ya ƙi aiki, alhali yana tsaye a fuskar gaba yana neman For Loop, wanda na shafin wayoyi ne. Ctrl da E kawai yake buƙata, ya koma shafin wayoyin. Ni layukan nan biyu har a filasha na ajiye su, don duk kwamfutar da na zauna a kai in zuba abina.

Sai abin da ba ka tambaya ba amma na fi so ka ji. Quick Drop ya zo a zubin 8.6 a 2008, daga baya aka ƙara masa nasa maɓallan: Ctrl da D ya haɗa wa abu mashiga da mafita, Ctrl da R ya cire abu ya haɗe wayar da ta rage, Ctrl da I ya cusa abu a tsakiyar waya, Ctrl da P ya musanya. Duk waɗannan sai tagar Quick Drop tana buɗe suke wannan aikin. In ba ta buɗe ba, Ctrl da P na kai ka bugawa a firinta, Ctrl da R kuma kunna shirin yake yi. Ranar da na koyi wannan, ƙaramar motar lantarki (motor) ce haɗe da katin da ke sada ta da kwamfuta a kan tebur, na zaɓi abu ina son cire shi, tagar ba ta riga ta fito ba na danna, sai ga mota ta tashi tana juyi da waya a jikinta. Allah Ya kiyaye ba wanda hannunsa ke kusa. Tun daga nan sai idona ya ga tagar nake sake dannawa, musamman a kwamfuta mai nauyi irin taka.

Gwada na View ɗin ka faɗa mana abin da ya fito, ka kuma rubuto zubin da kake da shi.