Mara Lafiyan da Ba Ya Iya Cewa Wayyo

'Yata, kin tambaye ni yadda za ki gane ko wanda ke kan na'urar numfashi yana jin ciwo, tunda bututu na cikin maƙogwaronsa, ba halin magana. Kika ce ke monita kike kallo: in bugun zuciya ya hau, jini ya hau, sai ki ce ciwo ne. To a nan zan fara tare ki.

Zazzaɓi na ɗaga bugun zuciya. Haka zubar jini, ƙarancin ruwa a jiki, tsoro, har da adrenalin ɗin da muke ɗiga masa da hannunmu. Wani kuwa yana cikin azaba, amma an ba shi maganin rage bugun zuciya, sai ki ga monita lafiya lau. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyar masu kula da marasa lafiya na gobe da nisa ta Amurka ta fitar a 2018 suka ce kada a dogara da waɗannan lambobi su kaɗai. Aikinsu kawai su tashe ki daga kujera ki je bakin gado.

In kin je, fara tambayarsa. Da yawa daga masu bututun nan suna jin ki sarai. Kira sunansa, ki ce in da ciwo ya matsa miki hannu ko ya ƙyafta ido sau biyu. In zai iya nuna lamba daga 0 zuwa 10 a takarda, magana ta ƙare, abin da ya nuna shi ne gaskiya.

Sai in hakan ya gagara ki koma ga ma'auni. Ni na fi son CPOT, ma'aunin gane ciwo ta hanyar lura da jikin mara lafiya, wanda wata nas 'yar Kanada, Céline Gélinas, ta fitar a 2006. Abu huɗu ake dubawa, kowanne daga 0 zuwa 2: fuska, motsin jiki, taurin tsoka, da yadda yake tafiya da na'urar. Jimla 8, in ya kai 3, ki ɗauka akwai ciwon da ke son magani. Akwai kuma wani ma'aunin irinsa, BPS, na likita Payen da abokan aikinsa a Grenoble ta Faransa, 2001, mai tashi daga 3 zuwa 12. Duk wanda ɗakinku ya zaɓa, ku tsaya a kansa, kada nas ta safe ta auna da wannan, ta dare da wancan.

Fuskar nan ita ce babba, ki ba ta lokaci. Ya haɗe gira? Ya runtse ido da ƙarfi, yana cizon bututu? Ki tsaya minti ɗaya cur kina kallonsa yana kwance kafin ki taɓa shi, domin sai kin san fuskarsa ta hutu za ki gane ta wahala. Sannan ki kama hannunsa ki lanƙwasa, ki miƙar. In yana turjewa, tsoka ta ɗaure ke nan. Ki sake dubawa lokacin da ake juya shi ko zuƙe masa majina. Juyawar nan da muke yi kamar ba komai, tana cikin abin da marasa lafiya suka fi kuka da shi bayan sun farfaɗo, ita da cire bututun ƙirji. Don haka ki nemi likita ya rubuta magani kafin aikin, ba bayan kin ga hawaye ba.

Inda ma'aunin ke yaudara shi ne mutumin da ya yi shiru. Midazolam da propofol barci suke sa wa, ba sa kashe ciwo. Wanda kuma aka yi wa allurar sakin tsoka irin atracurium ba zai iya ko haɗe gira ba, sai ki samu 0, alhali an buɗe masa ciki jiya. Irin wannan ba a auna shi. Ki duba abin da aka yi masa, ki ɗauka ciwon na nan. Masu rauni a ƙwaƙwalwa ma ba kullum suke yamutsa fuska ba, wani buɗe ido kawai zai yi ko hawaye su zubo.

Matarsa ko ɗansa in sun shigo dubiya, tambaye su yadda yake yi in ciwo ya kama shi a gida. Wasu dattawanmu sun saba da dauriya tun ƙuruciya, iyalinsu ne suka san alamarsu.

In an ba da maganin kashe ciwo irin morfin ko fentanil ta jijiya, ki dawo cikin rabin awa ki sake aunawa, ki rubuta lambar da lokacin a fayil, da abin da ake yi masa sa'ad da kika auna.