Tudun nan ba na aljanu ba ne

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai kana tambaya ko al'ada ce ta hana mu noma dogon tudun nan da ya ratsa bayan gonakinmu, ko kuwa gaskiya ne hanyar aljanu ce, kamar yadda abokanka suka faɗa maka. Na yi dariya da aka karanta mini, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ashe har an kai lokacin da ɗan gidanmu bai san jirgi ya taɓa bi ta nan ba?

Layin dogo ne. Jirgin Bauchi ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka garin Bauchi ba. A wancan zamani ƙasar Jos tana cikin lardin Bauchi ne, shi ya sa. Daga Zariya yake tashi, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Rahama, Jengre, ya hau Jos har Bukuru. Turawa sun shimfiɗa shi don kwasar kuza, ya isa Bukuru a 1914. Ɗan siriri ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne.

Sau ɗaya na shige shi, ina ɗan shekara 9, da kakanka, Allah ya jiƙansa. Tun asuba muke tasha da ƙunshin dawo da buta. Da ya taho yana huci, hayaƙi baƙi ƙirin, sai na ɓuya bayan rigar Baba. Muka zauna kan bencin katako, wata tsohuwa da kajinta a gefena. Tartsatsin kwal ya shigo ta taga ya huda mini sabuwar taguwa, na yi ta kuka, tsohuwar ta lallashe ni da gyaɗa. Bayan Jengre aka fara hawan dutse. Nan fa jirgi ya shiga nishi, yana ja kamar tsohon jaki da kaya, har samari suka dira suna tafiya a gefensa suna hira da na ciki. Baba bai ce uffan ba, yana ta kallon inda aka sare dutse. Can ya nuna mini da carbinsa ya ce, "Kawuna yana cikin waɗanda hakimi ya ɗiba suka yi wannan, da diga da kwando a ka."

A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, kuza ta koma can. Motoci suka ƙarasa sauran, aka rufe ƙaramin layin a 1957, aka kwashe ƙarafan. Shekarar da ta biyo na ɗauki fartanya zan shuka gero a kan tudun, Baba ya riƙe hannuna. Ya ce ubansa yakan ce ba a shuka a kan hanya, ko da masu bin ta sun ƙaura. Ban ƙara tambaya ba. Mu ba ma tambaya sau biyu.

Ku kuwa yanzu na ji har duwatsun tsohuwar gadar kuke farfasawa kuna sayar wa masu gini. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai. Idan Allah ya kai ka Jos, ka shiga gidan tarihi, an ajiye kan jirgin a can. Ka tsaya kusa da shi ka ga ƙanƙantarsa. In ka zo hutun Sallah kuma ka tuna mini, mu taka tudun tare da yamma, in nuna maka inda tankin ruwansa yake.