Hukuncin shigar 'ya mace gasar ninkaya ta duniya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, muna zaune a Ingila ni da maigidana da yaranmu. 'Yata mai shekara 13 tana ninkaya tun tana ƙarama. Tun ranar da ta kalli tseren mita 400 na mata a gasar Olamfik ta Paris ta ɗora rai a kan ita ma sai ta je can, kuma mai horar da ita ya ce tana da numfashin wannan zangon. Babanta ya ce a cire ta daga ruwa gaba ɗaya, ni kuma tausayinta nake ji. Mene ne hukuncin ta ci gaba har ta kai gasar duniya? Kuma kyautar da ake ba su halal ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya raya miki ita, Hajiya, ya kuma saka miki da alheri da kika tambaya tun ƙasa tana ɗanya.

Ita ninkaya a karan kanta halal ce, ga namiji da mace. Nasa'i da Ɗabarani sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce duk abin da ba ambaton Allah ba wargi ne sai abubuwa huɗu, ya lissafa koyon ninkaya a cikinsu. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Ubaida cewa a koya wa yara ninkaya. Tsere kuwa, Nana A'isha da bakinta ta ba da labarin yadda ta yi tseren gudu da Annabi (SAW) ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce, kamar yadda Abu Dawud ya kawo. Wanda ya san yadda kwale-kwale ke kifewa da mata da yara a kogunanmu na Neja da Kebbi kusan kowace damina, ba zai raina mace mai iya ruwa ba. Saboda haka maganar maigidanki ta a raba ta da ruwa kwata-kwata ta wuce abin da shari'a ta nema, ko da yake kishin da ya sa shi faɗin haka abin yabo ne.

Tsawon zangon ma ba shi da wani hukunci na daban. Mita 200 ne ko 400, ko salon da mai ninkaya ke kifa ciki tana jefa hannu ɗaya bayan ɗaya, duk ɗaya ne a wajen malamai. Inda gizo ke saƙa shi ne tufafin da ake shiga gasar da su, da kuma idon da ke kallo.

Mu ɗauki tseren da yarinyar ta gani. An yi shi ranar 27 ga Yuli, 2024. Ariarne Titmus ta Ostireliya ta ci zinare da minti 3 da daƙiƙa 57.49, Summer McIntosh ta Kanada ta ɗauki azurfa, Katie Ledecky ta Amurka ta samu tagulla. Zuwa da dawowa ne sau huɗu a tafki mai tsawon mita 50, gaban dubban 'yan kallo maza da mata, ga kyamara a sama, ga wata a ƙarƙashin ruwa, ana haska wa duniya. Kayan da suka sa kuwa doka ce ta tsara su. A gasar duniya ta birnin Rum a 2009 an kafa sabon tarihi har sau 43, saboda wasu riguna masu haɗin roba da ke taimaka wa jiki tasowa a ruwa. Sai hukumar ninkaya ta duniya, wadda a da ake kira FINA, yanzu World Aquatics, ta hana su daga farkon 2010, ta ce rigar mace kada ta rufe wuya, kada ta wuce kafaɗa, kada ta sauka ƙasan gwiwa. Na yarda ba don cin zarafin Musulmi aka kafa wannan doka ba, don hana maguɗi ne. Amma sakamakonta a kan 'yarki ɗaya ne: hannuwa tun daga kafaɗa a buɗe, ƙwauri a buɗe, wuya a buɗe, sauran kuma a matse kamar fata.

Allah ya ce a Suratun Nur, aya ta 31, muminai mata su runtse ganinsu, su kare farjinsu, kada su bayyana adonsu sai abin da ya bayyana daga gare shi, su kuma rufa mayafansu a kan ƙirazansu. A mazhabar Imam Malik, al'aurar mace baliga a gaban namijin da ba muharraminta ba ita ce duk jikinta ban da fuska da tafuka. Abu Hanifa ya sassauta a kan ƙafa daga idon sawu zuwa ƙasa. Babu ko ɗaya cikin mazhabobi huɗu da ya halatta bayyana damtse da kafaɗa da ƙwauri gaban maza. Kuma ba lalura ba ce da za ta halatta abin da aka hana, domin lalura ita ce a ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, kamar mara lafiya a gaban likita ko wadda ake cetowa daga nutsewa. Lambar zinare ba ta kai nan ba. Don haka shiga gasar Olamfik ko gasar duniya da wannan shigar, gaban maza da kyamara, bai halatta ga mace Musulma baliga ba.

Kada ki ce ai yarinya ce, a bari sai ta girma. Wannan wasa ne da 'yan mata ke kai ƙololuwa da ƙuruciya. Ledecky tana da shekara 15 ta ci zinaren mita 800 a Landan a 2012, McIntosh kuma shekararta 17 a ranar tseren Paris. Ma'ana shekarun da za a matsa wa 'yarki da atisayen asuba da tafiye-tafiye su ne daidai shekarun da alƙalami zai hau kanta. Da ta fara al'ada hukuncin manya ya kama ta, kuma a shekara 13, ko ba ta fara ba, malamai sun ce wadda ta kai a yi sha'awarta a suturta ta. Ni a ganina zalunci ne a bar yarinya ta ba da shekara biyar na ƙuruciyarta tana hangen wata ƙofa, sannan a ce mata ba ta shiga. Ki zaunar da ita yanzu, ke da babanta, cikin taushin murya, ki nuna mata ayar da dokar hukumar ta gani da idonta.

To ina mafita? Ta ci gaba da ninkaya a lokutan da ake ware wa mata zalla, kuma akwai su a garuruwan Ingila da dama. Tsakanin mace da mace al'aura daga cibiya ce zuwa gwiwa, sai dai tunda za ta haɗu da waɗanda ba Musulmi ba, kuma malamanmu na Malikiyya sun ƙara tsanantawa a nan, ta sa mai dogon hannu da dogon wando. Ki tabbatar masu tsaron tafkin mata ne, kuma ba a ɗaukar hoto. Ki nema mata mace mai horarwa. Idan namiji ne, babu keɓewa, babu taɓa jiki da sunan gyara hannu. Idan aka samu gasa ta mata zalla a rufe, irin wadda aka fara a Tehran a 1993 don mata Musulmi, ta shiga ta yi iya ƙoƙarinta, babu laifi ko kaɗan.

Akwai wani matsayi na tsakiya da ya kamata ki sani. A 2017 hukumar ninkaya ta Ingila ta yarda a shiga gasanninta na cikin gida da rigar da ta rufe jiki duka saboda addini, muddin alƙalin gasa ya duba ta kafin a fara. Shehu Halil, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya ce tufafi mai fitar da surar al'aura makaruhi ne, amma ban da wanda iska ta manna, masu sharhi suka ƙara da jiƙewa. Bisa wannan, idan rigar ta rufe kai da jiki, mai kauri ce, ba matsattsiya ba tun a bushe, kuma ta yafa babban tawul da zarar ta fito, ba zan yanke cewa haramun ne ba, ko da yake barin sa gaban maza ya fi mini kwanciyar hankali. Idan kuwa matsattsiya ce mai zana jiki, hadisin Muslim kan mata masu tufafi amma tsirara ya hau kanta. Ki kuma sani wannan sassaucin na cikin Ingila ne, bai canza dokar gasar duniya ba.

Game da kyauta, hadisin Abu Huraira ya ce babu kyauta a tsere sai na kibiya ko raƙumi ko doki, shi ya sa Malikiyya suka halatta sauran tsere ba tare da kuɗi ba. Malamai da yawa na wannan zamani sun halatta kyauta idan ta fito daga hannun wani na uku, kamar gwamnati ko hukuma, ba daga kuɗin da 'yan tseren suka zuba don wanda ya ci ya kwashe ba, domin wannan caca ce. Ina tare da su a kan haka, da sharaɗin gasar kanta ta zama halal. Shi kuma kallon irin wannan tsere a talabijin, ki gaya wa mazan gidanki su kau da kai, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Jarir ɗan Abdullahi.

Allah ne mafi sani.