Sukarin ɓerayenka bai hau ba, amma kada ka wanke hantar daga zargi tukuna

Ɗan'uwa, ka ce ɓerayenka na gwaji sun yi ƙiba sosai, amma sukarin jininsu na safe bai hau ba, kana tambaya ko hantarsu lafiya take. Ni ma haka na zata lokacin da nake aikin digiri na biyu, har na yi asarar wata biyu a kan wannan zato.

Ɓerayen Zucker na yi aiki da su, irin waɗanda Lois da Theodore Zucker suka gano a Amurka a 1961. Matsalarsu tana wurin da ke karɓar saƙon leptin, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, don haka ci suke yi ba ƙaƙƙautawa. Sukarinsu yakan zauna kusa da daidai, sai dai jikin ne ke ta zuba insulin ninki ba ninki don ya danne shi. Ranar da na auna insulin ɗin na gane wahalar da dabbobin nan ke sha.

Lafiyayyar hanta, da insulin ya iso, takan daina ƙera sabon sukari ta adana wanda ya shigo a matsayin gilaikojin. Ta ɓera mai ƙiba kuwa kunnen ƙashi take yi, PEPCK da G6Pase, sinadaran da hanta ke ƙera sukari da su, suna ta aiki ko bayan an ci abinci. Abin da ya fi damuna shi ne umarnin insulin na tara kitse, wannan tana jinsa sarai ta hanyar SREBP-1c, furotin da ke kunna ƙera kitse. Da ka buɗe cikin ɓeran za ka tarar da hantar ta kumbura, ta koɗe, maiƙo na kama safar hannunka.

Don haka ka auna insulin tare da sukari, ka kuma yi gwajin pyruvate, wato ka ba ɓeran wannan sinadari ka ga yadda hantar ke mayar da shi sukari. Kada ka hana su abinci dare guda, domin da dare ɓera ke ci, kafin safiya gilaikojin ya kusa ƙarewa. Awa shida ta wadatar. Ka riƙe su a hankali, tsoro kaɗai na ɗaga sukari. Hantar kuma, da ka cire ka jefa ta cikin ruwan naitirojin nan take don ta daskare. Nawa samfuran farko a kan tebur suka lalace.

Wane iri ne naka? In ZDF ne, wato reshen ɓerayen Zucker mai kamuwa da ciwon sukari, mazansu kan faɗa ciwon sukari sosai kafin su cika wata uku, sai ka riƙa aunawa kowane mako.