Me ya sa muke neman desmin da distrofin a yankan tsoka?

Ka tambaye ni, tunda furotin ɗin nan biyu, aktin da mayosin, ne ke jan tsoka ta tsuke, me ya sa muke ɓata rini wajen neman wasu furotin, desmin da distrofin, a naman da likita ya aiko. Zo ka leƙa madubin nan, ɗana. Ka ga ratsin nan da ya tsallaka zaren tsokar daga gefe zuwa gefe, layi ɗaya ƙyam? Ƙananan zaruruwa ne masu ɗimbin yawa a cikin zaren, kwance kafaɗa da kafaɗa, kowanne da nasa ɗan ratsin da ake kira layin Z, amma duk sun daidaita. Akwai abin da ya ɗaure su.

A kan layin Z, alfa-aktinin ne ke riƙe bakin aktin. Taitin, wanda ba a san furotin da ya kai shi girma ba, yana miƙewa daga nan har tsakiyar sakomiya, wato tazarar da ke tsakanin layin Z biyu, ya hana mayosin zamewa. Wannan duk a tsaye ne.

Na kwancen shi ne aikinmu. Desmin yana zagaye kowane layin Z, ya haɗa shi da na maƙwabcinsa, kamar igiyar da ke ratsa karan darni. Amma desmin shi kaɗai bai iya kama komai da kyau. Filektin ne ke maƙala shi, wani nau'in a layin Z, wani a mitokondiriya mai samar wa ƙwaya kuzari, wani a cibiyar ƙwayar, wani a fatar da ta lulluɓe zaren. Shi ya sa wanda aka haifa da matsalar filektin kan zo da ƙuraje masu ruwa a fata, daga baya tsoka ta raunana: maɗaurin ɗaya ne a wurare biyu.

A can jikin fatar zaren kuma distrofin ke riƙe aktin ta ciki, ya haɗa shi da distirogilaikan wanda ke kama laminin ta waje. Ta nan ƙarfi ke fita gefe, ba ta ƙarshen zare kaɗai ba. Ɗakin binciken Louis Kunkel ne ya gano distrofin a 1987. Yaro mai cutar Duchenne, wadda rashin distrofin ke jawowa, yana da aktin da mayosin lafiya lau, amma duk tsukewa sai fatar ta ɗan yage, har zaren ya mutu.

To, in ka rina yanka, dubi gefen kowane zare da kyau. Distrofin ya zagaye shi ba tsinkewa. In babu, kada ka yi gaggawar rubuta sakamako: fara duba naman lafiya da ka rina tare da shi, ka tabbatar rinin ya kama. Iyayen wani yaro ne ke jiran takardar nan.