Amsa: Wayata na mutuwa da sauran caji bayan sabunta manhaja

Malam, ka ce wayarka na mutuwa da cajinta kashi 30 tun da ka sabunta manhaja. Ina zargin batir ne ya tsufa, sabuntawar ta tona masa asiri kawai. Tsohon batir yakan nuna akwai caji, amma da ka buɗe kyamara, wayar ta nemi wuta da yawa, sai ya gaza, ta mutu. Haka ya faru da iPhone 6s a 2016, har kamfanin Apple mai ƙera ta ya rage saurin wayoyin a 2017 don hana hakan.

Ka bar ta ta ƙare ƙaf, ka cika ta ɗari sau ɗaya, ma'aunin cajin ya daidaita. In bai yi ba, canja batir. In ya kumbura kuwa, don Allah daina yi mata caji daga yau.